Durƙuson Rabi a Tseren Badala

Ku 'yan yanzu kuna zuwa mini da agogon da yake ƙirga muku taku, kuna cewa ai koyar da gudu ba wani aiki ba ne, usur kawai za a hura yara su zura. To ku gyara zama. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koya wa 'yan mata gudu a wata firamare tsakanin Gwale da Dukawuya, kuma a duk aikin babu abin da ya kai hura usur sauƙi, ai ko ɗan sandan kan hanya yana yi. Aikin yana wurin ƙafa, yana wurin iyaye, yana kuma wurin abin da aka koya wa yarinya a gida tun kafin ta san sunanki.

Ranar da na fara aiki, da takardata na zo daga makarantar horon malamai mata, an rubuta a ciki cewa na iya wasanni. Abin da na iya shi ne zana filin wasa a jikin allo. Wanda ya koya mini sana'ar shi ne Baba Kofur, tsohon soja ne da yake gadin makarantar, shi ne kuma yake horar da maza. Ya sa na jera 'yan mata ashirin a kan dakali, kowacce ta miƙe ƙafa. Shi ba ya taɓa su, sai dai ya nuna da sandarsa.

"Malama, taɓa nan. Me kika ji?"

Na ce, "Ƙafa, Baba."

"Ai na san ba kai ba ne. Sake taɓawa."

Sai da na yi wata guda ina taɓa ƙafafu kafin ya bar ni na riƙe usur. A nan na san bambancin kaushin da yake kare ƙafa da fason da yake buɗewa ya yi jini a kan tsakuwa. Na san yarinyar da take talla, tafinta da ƙwari amma wuyanta a sandare, tana gudu kamar har yanzu farantin yana kanta. Na san mai goyon ƙanne, ita kullum a sunkuye take, sai an yi wata biyu ana ce mata ta ɗago. Mai ɗiban ruwa daga famfon unguwa kuwa, in kika same ta ki riƙe ta hannu bibbiyu, numfashinta ba ya ƙarewa da wuri.

Kayan aikina duk a jaka ɗaya suke, jakar ma ta buhun fulawa ce na ɗinka. Akwai usur na ƙarfe, da agogon Baba Kofur mai tsagaggen gilashi wanda sai an ɗan buga shi a tafin hannu yake tashi. Akwai gwangwanin man kaɗanya, da allura da baƙin zare saboda bororo: a huda, a bar zaren a ciki ya tsotse ruwan, kada a kuskura a ɓare fatar. Layin fili da toka muke ja, ina bin masu tuya ina roƙa. Takalmi kuwa babu mai shi, kuma ban so ma a samu ba, don yarinyar da ta saba da ƙasa in kika sa mata kambas ranar tsere kin gama da ita. Kwana uku kafin tsere nakan sa a ƙunsa musu lalle a tafin ƙafa, yana ƙara wa fata ƙwari. Iyaye mata suna ganin kwalliya ce, ni kuma ban taɓa gyara musu zance ba.

Wandon gudu ni na yanka na farko da hannuna, har idon sawu, da riga mai sauka gwiwa, da ɗankwalin da ake ƙullewa ta baya a soka masa fil. Na naɗe shi a mayafi na bi gida gida ina nunawa, domin a wannan sana'a yara ba su ne masu ciniki ba, iyaye ne. Wata uwa ta juya wandon ciki da waje, ta duba ɗinkin, sannan ta dube ni.

"Malama, ni fa ban gane ba. Wa zai biyo ta?"

Na ce babu kowa.

"To gudun me za ta yi?"

Har yau ban samu amsar da ta gamsar da matar nan ba. Ta dai ba ni yarinyar saboda ɗinkin ya yi mata kyau. Wata kuma ta ce an gaya mata gudu yana hana haihuwa. Washegari na koma gidan da ɗana na biyu a baya, na zauna na sha ruwa, na yi sallama na tafi. Ranar Litinin sai ga 'yarta a fili.

A kan badala nake horar da su, wato tudun tsohuwar ganuwa, a lokacin ba a cinye ta da gine-gine ba. Hawa ne da sauka, ga ƙaya, ga ramukan masu ɗiban ƙasa. Abin da nake koyarwa a can ba sauri ba ne, sauri Allah ne yake bayarwa. Ina koya musu abin da za su yi idan saurin ya ƙare. In za a hau tudu a gajarta taku, a kalli ƙasa taku uku a gaba, kada a ɗaga kai a kalli ƙarshen tudun, shi ne yake karya zuciya. In ciwon gefe ya kama ki, danna wurin da hannu ki yi ta ƙirga taku har ya gaji ya sake ki. In ƙaya ta soke ki, cire ta ki jefar, kukan a yi shi a gida. Doka ɗaya ce ba na sassautawa: a gaji a rage, amma ba a zama. Duk wadda ta tashi daga layin toka sai ta dawo ta tsallake layin toka, ko da jan ƙafa ne, ni kuma ina tsaye a wurin har ta ƙarshe ta iso. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, haka nake gaya musu, su kuma suna harara ta a ɓoye.

Rabi a aji biyar na same ta. 'Yar Dukawuya ce, siririya, ba ta da magana. Na lura kullum sai an fara kaɗa ƙararrawa take ɓullowa daga nesa, amma kafin a gama kaɗawa tana cikin layi, ba ta ko haki. Na bincika, ashe sai ta kai wa baffanta koko da ƙosai ƙofar gida, ta jira ya gama ta ɗauke kwano, sannan ta taho. Mahaifinta direban babbar mota ne, yakan yi wata ba ya gari, don haka baffan nan, Malam Inuwa, yayan mahaifinta, shi ne mai faɗa a ji a gidan. Baduku ne, yana ɗinka jaka da kube da fantimoti na fata. Ladabin yarinyar nan kuwa har ya yi yawa. Ko littafi za ta miƙo mini sai gwiwarta ta taɓa ƙasa. Na yaba da hakan, ban san shi ne zai ci mu ba.

Tseren da ake yi duk shekara na makarantun ƙaramar hukuma ne, a ƙarshen damina, kuma uku na farko su ake ɗauka su wakilce mu a na jiha. Zamanin soja a bayan gari ake yin sa, cikin gonaki, babu mai kallo sai manoma da jakuna. Sai aka zo shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓa. Aka kawo mana sabon mai kula da ilimi, ɗan siyasa, mai babbar riga da yawan murmushi. Ya tara mu ya ce shi bai ga amfanin tseren da masu ƙuri'a ba za su gani ba. Ya zana sabuwar hanya da bironsa: a tashi daga wajen Ƙofar Dukawuya, a hau badala, a sauka ta gefen kududdufi, a ratsa wani dogon lungu cikin unguwa, a zagayo ta gindin Goron Dutse a dawo. Muka tafa masa, har da ni.

Sau biyu na bi hanyar nan da ƙafata, da alli a hannu. Na san inda kwata ta ratsa, na san inda laka take da santsi a bakin kududdufi, na san gidan da yake da kare da gidan da ake ɗaure rago a ƙofa. Na gaya wa yarana inda za su rage da inda za su saki ƙafa. Babu ramin da ban ƙirga ba. Mutane ne kawai ban ƙirga ba.

Ranar tsere na hau wani wuri a kan badala inda ake hango lungun nan tun daga bakinsa har ƙarshensa, don gidajen lokacin na ƙasa ne, ba bene. Aka hura usur. Kafin a sauka daga badala Rabi ta ba kowa rata, ratar da har na mayar da agogo cikin jaka, na ce wannan ba sai an duba ba. Ta shiga lungu ita kaɗai.

Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Hari, mai sayar da daddawa a bakin lungun. Sai na ga Rabi ta rage gudu, ta rusuna, ta ce wani abu, ta wuce. Na ce to, wannan da sauƙi. Gaba kaɗan ga limamin unguwa a kan tabarma. Ta durƙusa, ya ɗaga mata hannu, ta tashi. A tsakiyar lungun kuma ga ƙofar gidansu, ga Malam Inuwa a kan buzu yana fuskantar hanya, da fata a cinyarsa. Nan Rabi ta zube gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai.

Malam Inuwa ba mutum ne mai gaggawa ba. Daga baya Rabi ta ba ni labarin abin da aka yi. Ya amsa ina kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi makaranta, ya tambayi malamai. Sannan ya tambaye ta ina za ta haka ba takalmi. Yarinya kuwa ba ta tashi a gaban babba sai ya sallame ta. Tana durƙushe 'yan makarantun waje suka iso, 'yan Fagge da Sabon Gari da 'yan makarantar bariki, waɗanda ba su san kowa a lungun ba, kowa bai san su ba. Suka wuce fuu. Sauran yarana biyar kuma da suka iso suka ga Rabi a ƙasa gaban babba, sai kowacce ta nemi wuri kusa da ita. Ina kan badala ina kallon 'yan tserena shida a jere, a durƙushe, kamar masu ɗaukar karatu.

Na hura usur har kunnena ya toshe. Babu wadda ta ɗago.

Da ya sallame su Rabi ta tashi ta ci gaba. Ba ta zauna ba, wannan kam na shaide ta. Ta tsallake layin toka cikin na ƙarshe-ƙarshe, gwiwoyinta duk ƙasa. Raina a ɓace yake, na tare ta na ce, "Rabi, me ya kai ki?"

Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Malama, Baffa ne fa."

Wallahi sai haushin da nake ji ya juyo kaina, don ita ba ta yi komai ba sai abin da aka koya mata, wanda ni ma da haka aka tashe ni. Baba Kofur yana gefe yana naɗe igiya, bai ko kalle ni ba ya ce, "Kin duba ƙasa, ba ki duba gefen hanya ba."

Wannan ita ce muguwar shekarata. Hedimasta ya kira ni ofis, ya ce an yi masa dariya a gaban manya. Ya ce ya ba ni shekara ɗaya: in tsere mai zuwa babu yarinyarmu cikin uku na farko, gudun mata ya ƙare a makarantar, lokacin a mayar da shi na ɗinki, usur kuma na miƙa wa malamin maza. Iyaye suka janye rabin yaran, wasu don an ga 'ya'yansu da wando a unguwa, wasu don an ce ba mu ci komai ba. Yaran wasu makarantu suka sa mana suna makarantar ina kwana. Malamai maza in na shigo ɗakin malamai sai wani ya ce, "Malama, yau a guje za a yi ko a durƙushe?" Ni dai na daina kawo musu gyaɗa.

Gyaran da na fara yi shi ne kuskure na biyu. Na ce tunda gaisuwa ce ta kayar da mu, a cire gaisuwa. Na zaunar da Baba Kofur a kan kujera a tsakiyar hanyar horo, na ce kowacce ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Wasu suka iya, suna wucewa suna dariya. Rabi ta gwada sau goma, duk sanda ta zo dab da shi sai gwiwarta ta lanƙwashe da kanta, kamar ba ita take da iko da ita ba. Bayan sati biyu wata yarinya, Talatu, ta koma gida ta wuce mahaifinta a zaure ba ko sannu, da ya tambaya ta ce Malama ce ta ce a daina. Washegari mutumin ya zo makaranta da wandon gudun a hannu, ya ajiye mini a kan tebur, ya ce ga kayana. Ya juya ya tafi. Talatu ba ta sake gudu ba, kuma tana da ƙafa.

Baba Kofur ne ya ce da ni, "Malama, a soja in ƙaramin soja yana ɗauke da kaya hannu biyu, ba ya sara wa hafsa. Amma ba shi ya yafe wa kansa ba, daga sama aka yafe masa. Kina ta fama da yara, alhali masu gaisuwar suna zaune a lungu."

Ba a fafe gora ranar tafiya. Saura wata biyu tsere na sayi goro, na sa yaran da suka rage mini suka yafa mayafi, muka shiga lungun nan ƙofa ƙofa. A kowane gida mu durƙusa mu gaisa yadda ya kamata, sannan na yi bayani: ranar Asabar kaza yaran nan za su wuce a guje, muna roƙon a ɗaga musu gaisuwar safe, da yamma zan kawo su da kaina su yi ta cikakkiya. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce ai ko salla an rage wa matafiyi. Gwaggo Hari ta ce ita ma da ƙuruciyarta babu mai kama ta a unguwar, kuma ranar za ta rangaɗa guɗa. Haka muka yi ta samun sa'a har muka iso ƙofar Malam Inuwa.

Yana zaune inda yake zama, yana huda fata da basilla. Muka gaisa. Na ajiye goro, na yi bayanina tiryan-tiryan. Bai ɗago ba sai da ya ja zaren ya ƙulle.

"Malama, na ji ana ajiye daddawa, na ji ana ajiye hatsi. Ban taɓa jin an ajiye gaisuwa ba."

Na ce, "Malam, na ɗan lokaci ne, safe zuwa yamma."

"Yau safe zuwa yamma, gobe sati, jibi a manta. Ni na bar ta tana gudun nan ne don uwarta ta roƙe ni. Amma ɗan gidan nan ba zai haɗa ido da ni ya wuce ba. Ban yi wa ubana ba, ba za a yi mini ba."

Na ce to ko zai daure ranar ya shiga zaure, na rabin awa kawai.

"Shekara arba'in a nan nake zama, ina fuskantar hanya, saboda nan haske yake. Tsere ne zai tashe ni?"

Ya tura mini gorona da bayan hannu. Rabi tana durƙushe a gefena, kanta a ƙasa, ta ji komai.

A hanyar komawa ta ce, "Malama, in na zo wurin Baffa yaya zan yi?" Na so na ce ta runtse ido ta wuce. Na tuna wandon Talatu a kan teburina. Na ce, "Za ki durƙusa. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle baffanki. Abin da za mu yi shi ne ki ba su ratar da ko kin durƙusa kin tashi, ba su gama wuce ki ba."

Ku da kuke cewa aikin nan da sauƙi, ku gwada wannan gobe da safe. Ku yi gudu har numfashi ya kai wuya, sannan ku zube gwiwa biyu, ku ƙirga talatin, ku tashi ku ci gaba da gudun. Ƙafa tana yin sanyi, cinya ta ɗaure, kai ya juya, jiki ya ce ai an gama. Babu littafin da ya koyar da wannan, ni da Rabi muka ƙirƙiro shi a kan badala. Sau shida kullum. Na farko-farko in ta tashi sai ta yi tangaɗi kamar sabon ɗan maraƙi. Ranar nan ta yi amai, ta goge baki ta dube ni ko zan ce a tafi gida. Na ce saura biyu. Ta yi biyun. Na sani sarai ina gana mata azaba, kuma na ji tausayinta, amma ban nuna ba. Kafin wata biyun nan su cika, Rabi tana tashi daga durƙuso kamar an sake ta daga baka. Da agogon Baba Kofur na auna, na ga in dai ta shiga lungu da ratar bara, kuma Malam Inuwa bai tambayi lafiyar malamai ɗaya bayan ɗaya ba, za mu iya samun na uku.

Ranar Asabar ɗin aka wayi gari an yi ruwa. Na hau wurina a kan badala. Aka hura usur, Rabi ta fita gaba kamar yadda muka tsara, ta buɗe rata. A gangaren kududdufi, daidai inda na ja mata kunne, ƙafarta ta zame. Ta faɗi da gwiwa a kan wani fasasshen tulu. Kafin ta miƙe biyu sun wuce ta, ga wasu uku a bayanta dab da dab. Ta tashi, jini yana bin wandon, ta bi su. Ta shiga lungu tana ta uku, ba rata ko ta taku goma. Na mayar da agogo cikin jaka, wannan karon don babu amfanin dubawa. In ta durƙusa ko na ƙirga biyar ne, shi ke nan, sai ɗinki.

Gwaggo Hari ta cika alƙawari, guɗarta har kan badala. Liman ya ɗaga hannu yana kaɗa mata, wuce, wuce. Na kai idona tsakiyar lungu. Buzun yana nan, mutumin yana nan a kansa. Amma bayansa nake gani. Malam Inuwa ya juya ya fuskanci bangon gidansa, ya duƙa, hancinsa kusan a kan fatar saboda ya tare wa kansa haske, yana ta ɗinki.

Rabi ta iso. Na ga ta rage, na ga gwiwar ta fara lanƙwashewa. Ta kalli ƙeyarsa. Bai motsa ba. Ta yi taku ɗaya a hankali, ta yi na biyu, sannan ta saki ƙafa. Irin tashin da muka yi wata biyu muna koya, shi ta yi, ba tare da ta kai ƙasa ba.

Ta uku ta zo. Ba ta ɗaya ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Ta uku, da gwiwa a fashe, kuma ta uku muke nema. Na tsaya a layin toka har yarinyata ta ƙarshe ta tsallake, sannan na zauna a ƙasa. Hedimasta ya zo yana cewa dama shi ya san za a yi. Usur dai ya zauna a wuyana shekara ashirin da wani abu bayan nan.

Da la'asar na cika alƙawari, na kwashi yaran muka koma lungu kai gaisuwa. Muka bi kowa, muka zo kan Malam Inuwa. Ya juyo yana fuskantar hanya kamar kullum. Babban yatsansa na hagu a naɗe da tsumma, basilla ta same shi. Rabi ta durƙusa a kan gwiwa mai lafiya, ta gaishe shi, ya amsa duka, bai rage ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "An yi tseren naku?"

"An yi, Baffa."

"Ikon Allah. Ni ban ga kowa ya wuce ba."

Ya dubi gwiwarta, ya ce a wanke da ruwan gishiri kafin a sa man kaɗanya, kamar ni ban sani ba. Na ce to, Malam. Muka yi sallama, har na juya, sai ya kira ni.

"Malama. Baɗi ma ranar Asabar ne?"

Na ce, "Ranar Asabar ne, Malam."

Ya ɗauki basillarsa, ya gyara fatar a cinya.

"To. Dama bangon nan yana so a riƙa duba shi."